Ranar da Firmin Ya Ja Ragamar Badujala

"Ni fa idan na ɗaga sandar nan, mutum arba'in ne ke ɗauke numfashi. Idan na sauke ta, su hura. Ko kogi na nufa bina za su yi, da ƙahoninsu da gangunansu da tutarsu, ba mai tambayata dalili."

Firmin Pattyn ke nan, abokina, a tsaye cikin shagon soyayyen dankalin Zulma, hannu ɗaya riƙe da ƙunshin dankali, ɗayan yana nuna yadda ake ɗaga sanda da ɗan cokalin roba. Idan ba ka san Firmin ba, to ba ka taɓa kwana a Ravegem ba, domin rabin garin a kan katifunsa suke barci. Ya yi shekara da shekaru yana sayar da katifa. Da ya sayar da shagon ya huta, sai ya ɗinka wa 'yan badujalar gari sababbin kaya, shuɗaye masu maɓallai ruwan zinariya. Su kuma suka rasa da me za su gode masa, suka naɗa shi shugaban girmamawa. Suka rataya masa jan ƙyalle daga kafaɗa zuwa ƙugu, suka danƙa masa sanda mai kan azurfa. Tun daga ranar kalmar "girmamawa" ta faɗi a hanya, ba a sake jin ta a bakinsa ba. Shugaba kawai yake cewa, kuma da ƙarfi.

Kowa a garin ya san sarautar nan ta suna ce. Mai ita yana tafiya a gaba ranar biki, yana sayen abin sha ranar taro, idan ya mutu a bi gawarsa da kiɗa. Iyakarta ke nan. Abin dariyar kuwa shi ne, duk Ravegem babu wanda ya kai Firmin iya gane abin da yake na suna. Magajin gari? Na suna ne, matarsa ke mulki. Likita ya hana shi maiƙo? Dokar ta suna ce. Allon da ya ce kada a ajiye mota a ƙofar coci? Na suna ne, an kafa shi ne don baƙi. Ya hango wannan ciwo a jikin kowa, bai taɓa duba nasa ƙirjin ba, ko da yake ƙirjin nan shi ke fara shiga ɗaki kafin mai shi. Shi ya sa 'yan badujala suke kiransa Janar Katifa idan ya ba da baya.

Zulma ba ta ɗago kai daga kaskon mai ba. Mace ce mai ƙarancin magana, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke riƙe da shagon da ke ƙasan gidanta a Lungun Masaƙa. Firmin kullum da yamma yana nan, yana cin abin da likita ya hana shi, yana kewaye-kewaye a kan magana ɗaya da ya kasa furtawa. Gaskiya son ta yake yi, so na tsakani da Allah. Sai dai shi mutum ne da ba zai ce "ina son ki" ba sai ya fara ba da tarihin kansa tun daga makarantar firamare, kafin ya iso ga maganar kuwa dankali ya huce, an rufe shago.

"Ko kogi?" in ji Zulma.

"Ko kogi."

"To ni ba kogi nake so ba. Tun da aka kawo ni lungun nan ina amarya, badujala ba ta taɓa bi ta ƙofata ba. Kowace shekara ranar bikin gari ina nan ina suya, ina jiyo su ta bayan gidaje kamar bikin maƙwabta da ba a gayyace ka ba. Ka kawo min su ranar Lahadi, ranar bikin bana, su tsaya a ƙofar nan su yi min kiɗa ɗaya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In ka kawo su, sai ka yi min tambayar nan da ta maƙale maka a wuya tun bara, ni kuma in ba ka amsa a gaban kowa."

Dankali ya sarƙe Firmin. Ya yi tari, ya bugi ƙirji, idanu suka kawo ruwa. Da numfashi ya dawo, bakin ma ya dawo da shi.

"Ki soya na mutum arba'in," ya ce. "Ki gayyato 'yan lungu kaf, har masu jin haushinki. Ki sa rigar nan taki mai furanni. Abin da ba a yi ba tun kafuwar garin nan, ni Firmin zan yi shi da yatsa biyu."

Washegari aka yi taron 'yan badujala a ɗakin bayan gidan shan kofi da ke fuskantar coci. Al'adar taron nan ta girmi duk wanda ke cikin ɗakin: shugaban girmamawa ya fara magana, a tafa masa, ya fita ya yo odar abin sha, kafin ya dawo an gama abin da ya tara mutane. Firmin ya miƙe, ya gyara murya, ya dafa tebur da hannu biyu.

"'Yan'uwa, bana na yanke shawara. Idan mun kai kantin magani za mu karya hagu, mu shiga Lungun Masaƙa, mu tsaya inda na tsaya."

Tafi raf-raf-raf. Da cewa ya yi rufin ɗakin ya kama da wuta ma haka za su tafa, domin wasunsu tun da ya buɗe baki suka ɗaga hannuwa suna jiran ya rufe. Firmin ya fita yana murmushi, baki har kunne. Yana cikin lissafa wa mai kanti wa ke shan me, sai ga Hilde ta biyo shi. Hilde 'yar ƙanwarsa ce, kuma ita ce mai ba da kiɗa. Ba ta da ƙyalle, ba ta da sanda, ɗan usur ne kawai a wuyanta, a gefen sahun farko take tafiya.

"Kawu, ka dai san ba za mu shiga lungun nan ba ko?"

"Ba ki ji tafi ba?"

"Kawu, bara da ka ce a ɗauki jirgi a kai mu Paris mu yi wasa ma an tafa."

"Wancan shawara ce. Wannan umarni ne."

Hilde ta sassauta murya, don ba ta son mai kanti ya ji. "Hanyar nan an riga an tsara ta da 'yan sanda. Kuma kada ranka ya ɓaci, kujerarka ta suna ce. Muna son ka, muna ganin girmanka, kayan da ke jikinmu ma naka ne. Amma ba kai muke bi ba."

"To wa kuke bi, tunda ni ne a gaba?"

"Kana gaba ne saboda nan aka ajiye ka."

Firmin ya yi dariyar manya, irin wadda ake yi wa yaro idan ya yi wauta mai ban sha'awa. "Ta suna ce a hannun wanda na gada, marigayi Cyriel, mutumin da yake barci yana tafiya. Yanzu ta shigo hannun wanda ya san ta kan mulki."

"In don Zulma ne, ka faɗa min gaskiya. Ka koma ciki ka roƙi kwamiti, mu ga abin da za a iya yi."

Ka ga da ta ce "ka gaya wa kwamiti", wataƙila da labarin nan bai kai ga kunnenka ba. Amma roƙo ta ce. Firmin ya ja da baya kamar an miƙo masa abin wari.

"Shugaba ba ya roƙo, 'yar nan. Ni na saya miki ƙahonki na farko, lokacin ko hancinki ba ki iya sharewa ba. Ranar Lahadi ki buɗe ido ki koyi aiki."

Duk da haka maganar ta ɗan tsaya masa a rai, don haka ya ce bari ya gwada ikonsa ranar Asabar, wajen atisaye a filin ƙwallo. Ya shiga gaba, ƙirji a waje, aka taho. Da suka kusa ƙarshen fili ya nuna hagu da sanda ya karya, duk suka karya hagu. Ina za su bi, abokina? Katanga ce a gaba, kwata ce a dama. Can kuma ya ji kiɗa ya yi wani irin tashi, ya ɗaga sanda sama, kiɗa ya tsaya cak. Waƙar ce ta ƙare, amma wa zai gaya masa? Firmin bai san farkon waƙa ba bare ƙarshenta. Shi duk kiɗan duniya kashi biyu ne a wurinsa, mai ƙarfi da maras ƙarfi.

Ya waiwayo ya kashe wa Hilde ido. Ita dai ta sa usur a baki ta kawar da kai.

Mai hikima ba ya dogara da dabara ɗaya, in ji Firmin a ransa. Ya taɓa jin an ce ƙafar ɗan badujala babbar ganga take bi, don haka ana tashi daga atisaye ya kama hannun Staf, ƙaton da ke dukan babbar ganga, ya kai shi gidan abinci ya sa aka kawo masa farfesun zomo da dankali. Staf ya duƙufa. Firmin ya jera gishiri da barkono da cokula a kan tebur ya zana taswira.

"Nan kantin magani. Ka gani?"

"To, Shugaba."

"Ina karyawa, kai ma ka karya, kana duka da ƙarfi. Saura za su biyo ka kamar tumaki."

"To, Shugaba."

"Ko Hilde ta hura usur har ta shiɗe, kada ka kula ta."

"To, Shugaba."

Firmin ya biya, ya dafa kafaɗar Staf, ya fita yana fito. Staf ya suɗe kwano, ya jingina da kujera, sannan ya sa yatsa ya zaro audugar da yake toshe kunnuwansa da ita saboda ƙarar ganga. Tun filin ƙwallo ya manta da ita a ciki. Matar da ke kwashe kwanuka ta ce, "Me Janar yake ta zana maka haka?"

"Oho," in ji Staf. "Amma zomon ya yi daɗi."

Saura abu ɗaya. Ranar biki ana toshe bakin kowane lungu da shingen ƙarfe don kada mota ta shigo. Da safiyar Lahadi Firmin ya lallaɓa bakin Lungun Masaƙa, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce ai shingen ma na suna ne, ya ja shi gefe yana nishi. Bayansa ya yi ƙara, wandonsa ya kwashi tsatsa, amma hanya ta buɗe. Ya koma gida ya goge sanda har tana ɗaukar ido, ya shafa man gashi a gashin da ya rage, ya sa ɗan akwatin zobe a aljihun ƙirji.

Bayan an fito daga coci aka jeru. Gari ya cika, tutoci a kowace taga, ƙanshin waina mai sukari ya gauraye ko'ina. Hilde ta hura usur, Staf ya saki duka, Firmin ya ɗaga ƙafa. Kai, ranar nan ya yi tafiya. Haɓa a sama, sanda tana hawa tana sauka, jan ƙyalle yana sheƙi. Yana da doka ɗaya da yake yawan faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare: shugaba ba ya waiwaye, mai waiwaye bai yarda da mutanensa ba.

Aka iso kantin magani. Firmin ya miƙa sanda hagu, ya yi juyin soja a kan dunduniya, ya shige Lungun Masaƙa.

Badujala ta miƙe abinta a babban titi. Mai tuta idonsa na kan tuta don kada ta laƙe a wayar lantarki. Masu ƙaho idanunsu na kan 'yan takardun kiɗan da ke maƙale a bakin ƙahoni. Staf ba ya ganin komai sai bayan ganga. Hilde kuwa a daidai nan ta juya tana tafiya da baya-baya, tana harara wani mai ƙaho da ya riga kowa shiga. Babu wanda ya karya, babu wanda ya yi tuntuɓe.

Lungun Masaƙa kuwa a kwance yake a bayan babban titi, jeri ɗaya ne na gidaje tsakaninsu. Kiɗa yana tsallako rufin gidaje yana sauka a kunnen Firmin sarai, har bangon lungu yana ƙara masa amo. Ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Da ya ƙara gaba kiɗan ya fara raguwa, sai ya ce a ransa, "Ka ji yaran kirki. Sun sassauta don su ba ta mamaki." A bayansa kuma yana jin wani gurnani a hankali, mai kauri, ba ya yankewa. Ya ce, "Babban ƙaho ke nan. Yau Remi mai hura shi ya ci abinci."

Ba Remi ba ne. Mai motar askirim ne, baƙo daga wani gari, wanda tun safe yake zagaya Ravegem yana neman kafar da zai kai ga taron jama'a, ko'ina shinge. Da ya ga lungu ɗaya a buɗe ya yi godiya ga Allah ya shigo. Sai ya tarar da wani dattijo a tsakiyar hanya, da jan ƙyalle da sanda, yana tafiyar ƙasaita. Lungu bai isa a wuce ba, mutumin kuma mai ladabi ne, ya ga wannan ba irin wanda ake danna wa oda ba ne. Ya sa giya ɗaya ya bi shi sannu a hankali, da hoton ƙaton askirim a kan rufin motarsa.

Ƙofar Zulma ta cika maƙil. Zulma ta fito da tebura waje, ta shimfiɗa farin ƙyalle, an jera kujeru. Tsofaffin lungu sun zauna a gaba, jikoki a kan cinya, har da maƙwabciyar da ba sa ga maciji da ita tun rigimar kwata. Zulma tana tsaye a bakin ƙofa cikin rigarta mai furanni, ta yi kitso, ta cire rigar aiki. Firmin ya hango ta. Ya ga mutane sun miƙe tsaye, wasu sun rufe baki da hannu, wasu kafaɗunsu na rawa. Ya ce a ransa, "Kuka suke yi. Ai dole."

Ya tsaya cak a gabanta, ya haɗa dunduniya. Gurnanin bayansa ya tsaya shi ma.

"Zulma," ya ce da muryar da za a ji a ƙarshen lungu, "abin da kika jira tun kina amarya, ga shi na kawo miki har ƙofa. Wannan kiɗa naki ne."

Ya ɗaga sanda sama, ya riƙe ta can don a ga azurfar, sannan ya sauke ta da ƙarfi.

Mai askirim ya ga an tsaya, ya ga yara birjik, ya ga dattijon ya ba da izini. Ya danna maɓallin kiɗansa. Tilin-tilin, tilin-tilin-tin.

Yara suka zube daga cinyoyi suka yi kan mota a guje, suka ratsa Firmin ta dama da hagu. A karo na farko tun da aka naɗa shi, shugaba ya waiwaya. Babu tuta, babu ganga, babu ko ƙaho ɗaya. Wani mutum ne mai farar hula ya leƙo ta tagar mota yana ɗaga masa hannu.

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji mai askirim. "Ba don kai ba da yau ban yi ciniki ba. Wane iri za a ba ka? Kyauta ne."

Dariyar da aka yi a lungun nan har karnuka sai da suka tanka. Maƙwabciyar nan mai rigimar kwata ta riƙe ciki tana neman kujera. Firmin ya yi tsuru-tsuru, sanda ta yi masa nauyi a hannu. Ya buɗe baki don ya yi bayani, ya ce wannan ai sharar fage ce, manyan suna tafe, amma can nesa ana jiyo badujala tana shiga dandalin gari, jama'a na tafi.

Zulma ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ta dube shi, ta dubi tulin dankalin da ta fere tun asuba, ta dubi kujerun da ta aro. Ta ji kunya, ta ji haushi, amma ba mace ba ce mai barin abinci ya lalace. Ta shiga ciki ta ɗauko waya.

"Hilde? Zulma ce. Idan kun gama, akwai dankalin mutum arba'in a nan yana neman hucewa. A'a, ba ko sisi. Ku dai zo da ƙahoninku."

Abokina, ko kwano ba a gama jerawa ba sai ga su. Ta ɗaya bakin lungun suka ɓullo, tuta a gaba, suna wani kiɗa mai sauri da ba a taɓa jin sun yi ba, Staf yana dukan ganga yana haɗiyar yawu. Suka tsaya a ƙofar Zulma suka yi mata kiɗa ɗaya, ta ce a ƙara, suka ƙara. Ta tsaya a bakin ƙofarta hannu a ƙirji, idanunta suka ciko. Abin da ta daɗe tana so ke nan, kuma ta samu.

Firmin kuwa, kan ka ce kwabo, ya riga ya zagaya ya tsaya a gabansu yana kaɗa sanda, kamar shi ya jawo su daga dandali. Da kiɗa ya tsaya ya nufi Hilde, ya murtuke fuska, ya shirya faɗan da zai wanke kansa a gaban jama'a.

"Hilde, wane irin rashin kunya ne wannan? Ku bar shugabanku shi kaɗai tun daga kantin magani?"

Hilde ta dube shi da mamaki na gaske. "Tun daga kantin magani? Kawu, ashe ba ka gabanmu?"

Ta juya ga mai tuta. "Kai ba ka lura ba?"

"Ni dai na ga hanya ta yi faɗi," in ji mai tuta.

"Shi ya sa yau ban taka dunduniyar kowa ba," in ji wani mai ƙaho daga sahun farko. "Har nake cewa a raina, bana Shugaba ya iya tafiya."

Wani da ya ji wannan, da sai ya nemi hanyar gida ta bayan gari. Firmin ya gyara ƙyallensa, ya taka zuwa gaban Zulma, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, gadon bayansa da jan shinge ya taɓa da safe ya sake yin ƙara. Ya zaro ɗan akwatin zobe.

"Zulma, alkawari dai badujala ta zo ƙofarki. Ga ta nan ta zo. Za ki aure ni?"

Har mai askirim ya kashe kiɗansa.

"Alkawari kai ka kawo su, Firmin," in ji Zulma. "Ni na kawo su, da waya ɗaya. In akwai wanda ya ci aurena yau, ni ce. Tashi kada wandonka ya ƙara lalacewa."

Sai da Staf ya kama shi ta hamata sannan ya miƙe. Ya mayar da akwatin aljihu, ya tsaya a gefen tebur kamar wanda motar haya ta tafi ta bari. Zulma ta ɗaura rigar aikinta ta koma bakin kasko, 'yan badujala suka yi layi. Ta ɗago ta ga yadda ya yi zuru-zuru, sai tausayi ya kama ta, don ba muguwa ba ce.

"Firmin, ajiye sandar nan ka zo ka taya ni. Ungo wannan. Duk ƙunshin da na miƙo, kai za ka barbaɗa masa gishiri."

Ta miƙa masa babban gwangwanin gishiri na ƙarfe, irin mai ƙananan huji a ka. Firmin ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya auna nauyinsa, ƙirji ya fara dawowa wurinsa. Ƙunshi na farko ya kaɗa sau biyu a kunyace. Na biyar ya ɗaga gwangwani sama yana kaɗawa daga nesa. Kafin a kai rabin layi ya fara ba da darasi.

"Kun gani? Suya kowa ma ya iya. Gishiri shi ne sirrin dankali. Ya yi yawa ka kashe mutum, ya yi kaɗan ka kashe kasuwa. Ba kowa ake danƙa wa wannan aiki ba. Yau ku gaya min in kun taɓa cin irinsa a garin nan."

"Gaskiya ya yi daidai, Shugaba," in ji masu ci, baki cike.

"Ai hannu ne," in ji Firmin.

Hilde ta ga yadda kawunta yake zazzaga gwangwani a kan kowane ƙunshi ba ji ba gani, ta tsorata. Ta zagaya bayan kasko ta matsa kusa da Zulma.

"Anti Zulma, gishirin nan ba zai yi yawa ba? Ki ga fa yadda yake zubawa."

Zulma ta tsame dankali daga mai, ta girgiza mararaki, ba ta ko ɗago kai ba.

"Na riga na sa a nan ciki," ta ce. "Wancan gwangwanin babu komai a cikinsa."